Zaɓen firintar hoto mai iya buga mai kala da baƙi-da-fari

Yawancin firintocin da ake sayarwa a yau da sunan na buga hoto suna iya fitar da hoto mai kala wanda zai gamsar da ido, domin launuka masu ƙarfi suna rufe ƙananan kurakurai da yawa. Idan koren ganye ya ɗan karkata zuwa rawaya, ba kowa ne zai lura ba, tunda babu wanda ya riƙe ainihin launin ganyen a ƙwaƙwalwarsa. Hoton baƙi-da-fari ba ya yin wannan rangwame. Idon mutum ya san ruwan toka na gaskiya, kuma da zarar ɗan kore ko ɗan ja ya ratsa shi, ko mai kallo bai san sunan matsalar ba, zai ji cewa wani abu bai zauna daidai ba. Saboda haka duk wanda yake son firinta guda ta yi masa ayyukan biyu, ya dace ya fara auna ta da baƙi-da-fari. Wadda ta yi kyau a nan da wuya ta ba da kunya a hoto mai kala, alhali kuwa firintocin da suka ƙware a kala suka gaza a baƙi-da-fari suna da yawa.

Dalilin hakan yana cikin yadda firinta take samar da ruwan toka. Firintar ofis ta yau da kullum tana da tawada huɗu, wato shuɗi mai haske, da majenta (ja mai sirkin shunayya), da rawaya, da baƙi. Idan aka ba ta hoton fuskar dattijo a baƙi-da-fari, hanya biyu kawai take da su. Ko dai ta yi amfani da baƙar tawada ita kaɗai, ta warwatsa ɗigo-ɗigonta nesa da juna a wuraren da suke da haske, wanda yake sa goshi da kumatu su fito da tsaki-tsaki kamar an yayyafa musu ƙura. Ko kuma ta haɗa launukan nan uku daidai wa daida domin su ba da toka. Hanya ta biyu tana ba da hoto mai santsi, amma daidaiton yana da wuyar riƙewa, domin kuskure kaɗan a yawan launi ɗaya yana juya inuwa zuwa kore, ya juya wurare masu haske zuwa ruwan hoda. Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan ɓoyewa: tokar da aka haɗa daga launuka takan sauya kama gwargwadon hasken da aka duba ta da shi. Hoton da ya fito tsaf a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ɗumi yana iya komawa kore-kore idan aka kai shi bakin taga da rana. Firintar hoto ta sosai tana magance wannan ne ta hanyar ƙara tawadar ruwan toka, ɗaya ko biyu, a kan baƙar, ta yadda mafi yawan hoton zai ginu da tawadar da ba ta da launi tun asali, launuka kuwa sai ɗan kaɗan da ake sawa don gyara ɗumi ko sanyin tokar.

Wannan ne ya sa lamba ta farko da ya kamata mai saye ya nema a takardar bayanin firinta ita ce yawan baƙaƙe da tokokin da take da su. Manyan lambobin da ake rubutawa a jikin kwali, irin su ɗigo 5760 ko 4800 a kowane inci, ba su da amfani wajen rarrabe waɗannan injuna, domin dukkansu sun riga sun wuce abin da ido yake iya tantancewa daga nisan da ake kallon hoto.

Tawadar rini da tawadar gari

Bayan yawan toka, babban rabe-raben da ke tsakanin firintocin feshi, wato masu fesa ɗigon tawada a kan takarda, shi ne nau'in tawada. Tawadar rini launi ne da ya narke cikin ruwa ƙurmus, kamar yadda gishiri yake narkewa, don haka takan nutse cikin fatar takardar. Tawadar gari kuwa ƙananan ƙwayoyi ne masu tauri da suke shawagi cikin ruwan ba tare da sun narke ba, kuma idan ruwan ya bushe sai su zauna a saman takardar. Kusan duk bambancin da za a gani a hoto daga nan ya samo asali.

Tunda rini yana shiga ciki, ba ya taɓa sheƙin takarda. A kan takarda mai ƙyalli sosai hoton rini yana fitowa da launi mai zurfi da fuska ɗaya sumul, kuma har yanzu samun irin wannan kyan da tawadar gari yana da wuya. Rauninsa shi ne daɗewa. Haske yana cin rini, iska ma tana cinsa, musamman iskar da take ɗauke da sinadarin ozon, don haka hoton da aka manna a bango ba gilashi yana iya fara kodewa cikin 'yan shekaru, alhali irinsa da aka ajiye a albam zai daɗe ƙwarai. Rinin zamani ya fi na da ƙarko nesa ba kusa ba, amma ga hoton baƙi-da-fari akwai abin lura guda: launuka ba sa kodewa tare. Idan ɗaya ya riga sauran gajiya, tokar da ta kasance tsaf a ranar bugu za ta fara karkata, kuma karkatar da ba za a gani a hoton furanni ba tana bayyana ƙarara a hoton da babu launi.

Tawadar gari ta fi jure haske da danshi, kuma baƙarta, wadda akasari daga ƙwayar kabon ake yin ta, tana cikin abubuwa mafi ƙarko da ake sawa a takarda. Kamfanin Epson yana cewa hotunan tawadarsa ta UltraChrome PRO10 suna iya kai shekara 200 idan masu kala ne, 400 kuma idan baƙi-da-fari ne. Irin waɗannan alƙaluma daga gwajin gaggawa ake samo su, inda ake haska hoto da haske mai tsanani a lissafa abin da zai faru cikin shekaru, kuma cibiyoyi irin su Wilhelm Imaging Research a Amurka su ne suka yi fice a wannan aiki. Bai kamata a ɗauke su a matsayin alkawari ba, domin sun dogara da irin takarda da yanayin ajiya, amma suna da amfani wajen kwatanta tawada da tawada. Abin da tawadar gari take biya a madadin wannan ƙarko shi ne kamanninta a takarda mai sheƙi. Da yake ƙwayoyin suna zaune a sama, idan aka karkata hoton zuwa haske akan ga wurin da tawada ta yi yawa ya bambanta da farar takarda wajen ƙyalli, wani lokacin ma baƙin yakan yi wani walƙiya mai kama da tagulla. Canon yana rage wannan da wani ruwa marar launi mai suna Chroma Optimizer, wanda firintar take shimfiɗawa a kan hoton domin ta daidaita fuskarsa. Yana aiki sosai, sai dai shi ma a katirij yake zuwa, wato ɗan kwandon da ake sakawa a injin, kuma yana ƙarewa, kuma yakan ƙare da wuri ga mai yawan buga takarda mai sheƙi.

Firintocin tawadar gari suna ɗauke da baƙi iri biyu, kuma yana da kyau mai saye ya fahimci dalili. Baƙin da aka yi domin takarda mai sheƙi, idan aka sa shi a takardar auduga marar sheƙi, yakan nutse ya koma toka mai duhu, hoton ya rasa nauyi. Baƙin da aka yi domin takarda marar sheƙi kuwa ba ya kama mai sheƙi da kyau, har yatsa yana iya goge shi. Tsofaffin injunan Epson, irin su SureColor P600 da P800, baƙaƙen biyu hanya ɗaya suke bi zuwa kan feshi, wato sashen da yake fesa tawada a takarda, don haka duk lokacin da aka sauya nau'in takarda sai injin ya wanke hanyar, a yi asarar tawada da lokaci. Wanda yake tunanin sayen ɗaya daga cikinsu a hannu na biyu ya sa wannan a lissafi. Tun daga P700 da P900 da suka fito a 2020 kowane baƙi ya samu hanyarsa, Canon kuma ya daɗe da yin hakan a injunansa na wannan aji.

Injunan da ake yawan kwatantawa

A faɗin inci 13, wato takardar A3+ mai milimita 329 da 483, injuna huɗu ne suka fi shiga zance. Na farko shi ne Epson SureColor P700, mai tawadar gari goma: baƙaƙe biyu, toka, toka mai haske, shuɗi biyu, majenta biyu, rawaya, da shunayya. A kowace takarda yana aiki da tawada uku marasa launi, kuma direbansa, wato manhajar da take sarrafa shi daga kwamfuta, yana da wani sashe na musamman mai suna Advanced Black and White, wanda Epson ya fara kawowa a 2005 tare da tawadar UltraChrome K3. A wannan sashe firintar tana rage amfani da launuka matuƙa, ta bar wa mai bugu damar zaɓar toka tsantsa, ko mai ɗumi, ko mai sanyi, ko ruwan ƙasa irin na tsofaffin hotuna. Ga wanda baƙi-da-fari ne rabin aikinsa ko fiye, wannan babbar hujja ce. Injin yana karɓar takardar naɗi, abin da yake da amfani ga dogayen hotunan shimfiɗar ƙasa, yana kuma karɓar kwali mai kauri har milimita 1.5 ta ƙofar gaba. Katirij ɗinsa mililita 25 ne, kuma tawadar tana bi ta bututu ne kafin ta isa kan feshi, don haka kaso mai yawa na tawadar da ta zo cikin kwali yana tafiya wajen cika bututun a ranar farko. Sabon mai shi yakan firgita idan ya ga ma'aunin tawada ya yi ƙasa tun bai buga komai ba. Tawadar tana nan cikin injin, amma gaskiya ne cewa zai sayi sabon saiti da wuri fiye da yadda ya zata.

Na biyu shi ne Canon imagePROGRAF PRO-300, wanda shi ma ya fito a 2020, kuma PRO-310 ya gaje shi da tsari iri ɗaya da sabuwar tawada. Yana da katirij goma, amma ɗaya na ruwan daidaita sheƙi ne, ɗaya ja ne, toka kuma guda ɗaya ce tak. A rubuce wannan yana nuna Epson ya fi shi a baƙi-da-fari, kuma a wurare masu haske sosai, kamar hazo ko farin gajimare, mai duban ƙwaƙƙwafi da gilashin ƙara girma yana iya ganin bambanci. A hannu kuwa, daga nisan da mutum yake riƙe hoto, tazarar ƙarama ce, kuma baƙin Canon a takarda marar sheƙi yana da zurfi ƙwarai. Jan da aka ƙara yana taimakawa a launin fata, da faɗuwar rana, da tufafi masu ja da ruwan goro, kamar yadda shunayyar Epson take taimakawa a shuɗi mai duhu. Katirij ɗinsa ƙanana ne, kimanin mililita 14, kuma a kan kan feshin suke zaune, don haka babu dogon bututun da za a cika, amma sauya su yana zuwa akai-akai, kuma kowane mililita ya fi tsada.

Na uku, Canon PIXMA PRO-200, mai tawadar rini takwas, mutane da yawa suna tsallake shi saboda sun ji an ce ƙwararru tawadar gari suke amfani da ita. A ganina wannan gaggawa ce. Cikin tawadarsa takwas uku marasa launi ne, wato baƙi da toka da toka mai haske, kuma hoton baƙi-da-fari da yake bugawa a takarda mai sheƙi ko mai ɗan sheƙi yana da santsi da zurfin da zai ba mutum mamaki. Ya fi 'yan uwansa masu gari sauri, ya fi su sauƙin saye, kuma rini bai cika toshe ƙofofin feshi ba. Inda yake ja da baya shi ne takardar auduga marar sheƙi, domin ba shi da baƙin da aka yi dominta, sai kuma batun daɗewa ga wanda zai sayar da hoto ya ce wa mai saye zai kai ga jikoki.

Na huɗu ya sha bamban da sauran wajen tsarin kuɗi. Epson EcoTank ET-8550, wanda ya fito a 2021, ba ya amfani da katirij. Tankuna gare shi da ake cikawa daga kwalabe masu mililita 70. Tawadarsa shida ce: baƙin gari guda, sannan baƙin rini, toka, shuɗi, majenta da rawaya, duk na rini. Kuɗin tawadar kowane hoto a nan ya yi ƙasa da na sauran ukun sosai, kuma wannan yana sauya halin mai bugu, domin wanda ba ya jin zafin tawada yakan gwada, ya sake gwadawa, har ya koyi bugu da gaske. Baƙi-da-farinsa yana da kyau, amma da toka ɗaya da launuka uku kacal, samun toka tsantsa yana bukatar a dace da takarda da saitinta, kuma a wasu takardun akan ga ɗan karkata. Yana kuma da sikana da kwafi, yana buga takardun rubutu, don haka ya dace da gidan da ba zai ajiye injuna biyu ba. Canon ma yana da masu tanki da tawadar rini shida, har da ja da toka, irin su PIXMA G650, amma a girman A4 suka tsaya.

Idan aka hau zuwa inci 17, wato A2, zaɓin ya rage zuwa biyu: Epson P900, da Canon imagePROGRAF PRO-1000 na 2015 tare da magajinsa PRO-1100 na 2024. P900 tawadarsa ɗaya da ta P700, sai dai katirij ɗinsa mililita 50 ne, kuma ana iya saya masa abin riƙe takardar naɗi daban. Na Canon yana da katirij 12 masu mililita 80, ciki har da toka biyu da ja da shuɗi na musamman, yana kuma da fanka da take tsotse takarda ta kwantar da ita yayin bugu, wanda yake rage haɗarin kan feshi ya goge gefen takarda mai lanƙwasa. Ba ya karɓar naɗi, kuma nauyinsa ya haura kilo 30, fiye da ninki biyu na P900, don haka sai an tanadar masa tebur mai ƙarfi da mutum biyu da za su ɗora shi. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa mai buga hoto da yawa yana iya samun injin inci 17 ya fi masa araha a tsawon lokaci ko da ba ya bukatar girman, saboda babban katirij yana sauko da kuɗin kowane mililita. Game da ko kyamara za ta iya cika wannan girma, hoton megafiksel 24 yana da ɗigo 6000 a tsawo da 4000 a faɗi, wanda a ɗigo 300 kowane inci yake ba da inci 20 da kusan 13 da sulusi. Ya ishi A3+ daidai, kuma ya ishi A2 ba tare da wata damuwa ba, tunda babban hoto daga nesa ake kallonsa.

Akwai wasu nau'o'in firinta biyu da ba na feshi ba, amma ba sa bukatar dogon bayani. Firintar leza ta rubutu ce da zane, kuma ba ta iya fitar da sassaucin inuwar da hoto yake so. Masu buga hoto da zafi daga kintinkirin launi, irin su Canon Selphy ko manyan injunan DNP na ɗakunan ɗaukar hoto, suna da sauri, ba sa toshewa, hotonsu yana fitowa a bushe da rufin kariya, kuma kuɗin kowane hoto sananne ne tun kafin a buga. Amma kintinkirin rawaya da majenta da shuɗi ne kawai sai rufin, babu baƙi balle toka, ga shi kuma takardar kamfanin kaɗai suke karɓa, a ƙananan girma. Don hotunan biki da na fasfo sun dace ƙwarai. Don baƙi-da-fari na ratayewa a bango ba su ne ba.

Abin da yake zuwa bayan saye

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma wadda mai saye ya fi yaudarar kansa a kanta, ita ce sau nawa zai riƙa bugu. Firintar feshi tana son aiki. Idan ta zauna makonni, tawada takan bushe a bakin ƙofofin feshi, musamman ta gari, kuma musamman a ɗaki mai zafi da busasshiyar iska. Alamar farko ita ce siraran layuka farare da suke ratsa sararin sama ko bango mai launi ɗaya a cikin hoto. Kamfanonin biyu sun bi hanyoyi dabam wajen tunkarar wannan. Kan feshin Epson yana tura tawada ne da motsin wani ƙaramin lu'ulu'u da lantarki yake lanƙwasawa, an yi shi ya daɗe tsawon rayuwar injin, amma idan ya toshe toshewar da wanki ya kasa buɗewa, gyaran na mai gyara ne kuma yana da tsada. Kan feshin Canon da zafi yake aiki, yana da ƙofofi masu yawa, yana gajiya da tsufa, amma mai injin yana iya cire shi da hannunsa ya sa sabo. Manyan injunan Canon kuma suna wanke kansu bisa lokacin da suka ɗauka ba aiki, ko mai su ya so ko bai so ba. Sakamakon haka ba su cika toshewa ba, amma wanda yake buga hoto biyu a wata zai tarar da cewa tawadar da ta tafi cikin akwatin sharar injin ta fi wadda ta hau takarda. Shi kansa akwatin yana cika, kuma sai an sauya shi.

Maganin yana da sauƙi: a buga ɗan hoto ko shafin gwajin ƙofofi sau ɗaya a mako, a rufe injin daga ƙura, kuma a kashe shi ta maɓallinsa domin kan feshi ya koma mazauninsa ya rufu. Wanda ya san ba zai iya wannan ba, ko kuma hotunan da yake son bugawa a shekara ba su wuce ya ƙirga da yatsu ba, gara ya kai fayilolinsa wurin masu bugu na sana'a, domin zai samu hoto mai kyau a kuɗin da bai kai na tawadar wanki ba.

Takarda tana sauya kamannin hoto fiye da yadda sauya firinta tsakanin waɗannan injuna zai yi, kuma ita ce take yanke hukunci tsakanin rini da gari. Takarda mai rufin roba, mai sheƙi ko mai ɗan sheƙi, ita ce ta yau da kullum, kuma kowace tawada tana hawanta. Takardar barita, wadda take kwaikwayon takardar ɗakin wankin hoto ta da, tana ba da baƙi mai zurfi da ɗan sheƙi mai taushi, kuma masu baƙi-da-fari suna ƙaunarta. Takardar auduga marar sheƙi, irin wadda Hahnemühle na Jamus da Canson na Faransa suke yi, baƙinta bai kai na barita duhu ba, amma ba ta mayar da haske, kuma tana ba hoto wani kwarjini a bayan gilashi. Waɗannan biyun na ƙarshe da tawadar gari suka fi dacewa. Akwai kuma takardun da ake sa wa sinadarin ƙara fari. Suna da haske a ranar farko, amma sinadarin yana gajiya da shekaru, takardar ta koma launinta na asali, don haka mai neman daɗewa ya duba wannan kafin ya saya.

Kowace takarda tana bukatar fayil ɗin daidaita launi, wanda ake kira furofayil ɗin ICC, da aka yi domin ita da wannan firintar. Manyan kamfanonin takarda suna bayar da su kyauta ga injunan da suka shahara a wurin masu hoto, kuma a nan P700 da P900 da jerin PRO na Canon suna da fifiko, domin kusan kowace takarda mai suna tana da nasu. Masu tanki ba su kai su samun wannan kulawa ba, ko da yake ET-8550 ya samu fiye da sauran. Ƙorafin da sababbin masu bugu suka fi yi, cewa hoto ya fito da duhu, galibi daga allon kwamfuta yake, domin ana sayar da allo da haske mai yawa. Idan aka sauko da shi zuwa tsakanin kandela 80 da 120 a kowace murabba'in mita, wato ma'aunin hasken allo, aka kuma duba hoton a ƙarƙashin haske mai kyau, yawancin duhun yakan ɓace. Tawadar da ba ta kamfanin injin ba kuwa tana rage kuɗi, amma tana rushe duk wannan daidaito, kuma baƙi-da-fari ne yake fara nuna hakan.

Idan aka haɗa waɗannan duka, wanda zai sayar da hoto ko ya baje shi a nuni, kuma yake son auduga da barita, tawadar gari ce tasa. Tsakanin Epson da Canon a wannan aji, ni zan karkata ga P700 ko P900 idan baƙi-da-fari ne ya fi yawa ko ana bukatar naɗi, in karkata ga PRO-310 ko PRO-1100 idan hotunan mutane masu kala a takarda mai sheƙi ne suka fi yawa, ko kuma mutum yana son kwanciyar hankalin iya sauya kan feshi da kansa. Wanda hotunansa na albam ne da kyauta da bangon gida a bayan gilashi, kuma sheƙi yake so, PRO-200 zai ba shi abin da yake nema ba tare da ya biya kuɗin ƙarkon da ba ya bukata ba. Mai koyo, da mai buga hoto da yawa wanda kuɗin tawada yake hana shi sakewa, ET-8550 ya fi dacewa da shi, muddin ya yarda zai ɗan yi gwaji kafin ya samu takardar da tokarsa take zama tsaf a kanta.

Kafin a biya kuɗi, yana da kyau a nemi a buga hoto guda a kan injin da ake so, da irin takardar da za a riƙa amfani da ita. Hoton gwajin ya ƙunshi fuskar mutum, da wuri mai duhu sosai wanda yake da ɗan bayani a ciki, kamar baƙar riga mai ninki, da wani tsiri da yake tafiya a hankali daga baƙi ƙirin zuwa fari fat. A bar shi ya kwana, domin tawada, musamman ta rini, takan ɗan sauya yayin da take bushewa. Washegari a duba tsirin a bakin taga, a sake duba shi da dare a ƙarƙashin fitilar ɗakin da za a rataye hoton, sannan a karkata takardar zuwa haske a ga ko ninkin rigar yana nan, ko kuwa ya haɗe ya zama baƙi guda.